Yarinyar da Aka Binne da Sunana

Mahuta, Kaduna
4 ga Maris

Mama Janet,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen Zonkwa? Na ba direba wannan takarda tunda kunnenki ba ya jin waya sosai.

Kin san ni da ƙanena Sylvanus muna haɗa tarihin gidanmu don addu'ar tunawa da Baba da Mama. Na je tsohon cocinmu na Kakuri neman ranakun haihuwa da na mutuwa. Sakatare ya fito min da littattafai, na samu na Kaka, na samu ranar baftisma. Ina cikin buɗawa sai ga sunana a littafin matattu. Eunice, 'yar Albert da Gloria, ranar haihuwa irin tawa, ƙyanda ta kashe ta a Janairun 2000.

Na yi dariya na ce kuskure ne. Sakataren ya nuna min inda Baba ya sa hannu. Na san rubutun Baba.

Daga can na wuce gida. Na zazzage akwatin hotuna, babu nawa ko ɗaya kafin mu dawo Mahuta. Ke ce ƙanwar Baba, ke kaɗai kika rage. Wa aka binne? Ni wace ce?

Taki,
Eunice

Zonkwa
9 ga Maris

'Yata Eunice,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Ƙafa da sauƙi. Takardarki ta iso ni.

Ba kuskure ba ne. Ƙyanda ta ɗauke Eunice ta fari, ni na yi mata wanka. Ba a yi wata biyu ba rikici ya tashi a Kaduna. Maƙwabciyarmu a Kakuri, Amina matar Malam Ibrahim mai aiki a masaƙa, ta miƙo min ke ta kan katanga. Ta ce mu riƙe mata Zainab, za ta nemo mijinta ta dawo. Ba ta dawo ba. Da muka fita, samari suka tare hanya da adduna suna tambaya ɗaya-ɗaya. Gloria ta goya ki, ta ɗaga katin asibitin marigayiya ta ce 'yarta ce. Haka muka wuce.

Bayan ƙura ta lafa babanki Albert ya yi ta yawo sansani-sansani. Aka ce masa an ga gawar Ibrahim, Amina kuwa babu labari. 'Yan uwanta a Tudun Wada suke, gidan wani Zakariyya'u mai ɗinki, amma lokacin sun watse.

Ina roƙonki, ki bar maganar nan. Ban san abin da za su yi ba in suka ji 'yarsu ta girma a coci, ban kuma san me namu mutanen za su ce ba. Ki rufa mana asiri, ki rufa wa kanki.

Uwarki,
Janet

Mahuta
21 ga Maris

Mama Janet,

Ina gaisuwa. Ki gafarce ni, na je.

Na hau Keke na tsallaka gada zuwa Tudun Wada, na yi ta tambaya har aka nuna min shagon Malam Zakariyya'u. Ya tsufa, gilashinsa ɗaure da zare. Na ce masa ni ɗaliba ce, ina tattara sunayen waɗanda suka ɓace a rikicin. Ya ba ni kujera da ruwa. Ya ce 'yar ƙanwarsa ce ta ɓace, sun duba asibitoci da wurin ajiye gawa, sun koma Kakuri suka tarar gidan maƙwabtan toka. Liman ya ce su haƙura su yi mata addu'a, uwar ta ƙi.

Na ce wace uwar? Ya ce Amina, tana Zariya, da ranta.

Biro ya faɗi daga hannuna. Tsohon ya cire gilashi, ya daɗe yana kallon fuskata har na ji kamar in gudu. Bai tambaye ni komai ba. Da zan tafi ya ce, «Amina za ta zo ran Juma'a. Ki dawo, 'yata, ko ba don rubutun ba.»

Na amsa masa. Yanzu tsoro ya hana ni sakat. Me zan kira ta? In ta ce in zauna fa? In ta ga gicciye a wuyana ta juya baya fa? Sylvanus yana ta tambayata me ke damuna, na kasa kallon idonsa.

Taki,
Eunice

Zonkwa
24 ga Maris

'Yata,

Salama. Zan shigo motar Alhamis, ki tare ni a Kakuri. Sylvanus ni zan faɗa masa da bakina. Ran Juma'a tare za mu je, ko da sanda ne. Ni ma tsoron nake ji, amma Amina ta san fuskata.

In ta rungume ki, kada ki waiwayo ki dube ni. Ki bar ta ta gama.

Allah ya kai mu.
Janet