Na san wanda ya karya min hannu, kuma 'yan sanda suna jiran suna

Hanum Farangis,

Ki taimake ni da shawara don Allah, kaina ya ƙulle kuma lokaci ya matse ni. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Gaskiya ma ina cikin masu yi wa filinki dariya, ina cewa na samarin da soyayya ta hana barci ne. Yau ga ni a layinsu. Da hannun hagu nake danna wannan a waya, in kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri.

Ni mai gurasa ne a wani gari mai tashar jiragen ruwa a arewacin Jamus. Na haura shekara talatin a nan, cikin ruwan saman da ba ya gajiya. Irin gurasarmu nake yi, wadda ake gasawa a kan tsakuwa, kamar yadda mahaifina ya yi a garinmu Kermanshah, can gida. Duk mutanenmu na garin nan sun ci daga tanderuna: masu son sarki ya dawo, masu son jamhuriya, tsofaffin 'yan gurguzu da har yanzu suke musu a kan taron da aka tashi tun kafin a haifi 'ya'yansu. Ban taɓa rataye tutar kowa a taga ba. Ƙanena Bahman ya shiga kurkukun gwamnatin da ke mulki a can gida bai fito ba, har mahaifiyarmu ta mutu ba a nuna mata kabarinsa ba. Ina ganin wanda aka yi wa haka ba ya bukatar ƙyalle a taga kafin a san inda ya tsaya. Ashe na yi kuskuren karanta mutanena.

Wata Juma'a wani mutum mai doguwar riga ruwan toka ya shigo ya ɗauki gurasa biyu masu riɗi. Da ya zaro kuɗi sai na ce masa abin da kowane mai shago a ƙasarmu yake cewa: “Bai kai a biya ba, kai baƙona ne.” Ya ce ina, sai na karɓa. Na sake cewa ya bar shi. Ya sake miƙowa, na karɓa, ya tafi. Ashe wani a bayan layi yana ɗauka da waya. Ya yanke bidiyon daidai inda nake ture hannun mutumin, ya watsa shi da rubutu cewa ga mai ciyar da karnukan gwamnati kyauta. Wai mutumin ma'aikacin ofishin jakadancin ƙasarmu ne. Wataƙila haka ne, wataƙila ba haka ba. Ni ban taɓa tambayar mutum wurin aikinsa kafin in ba shi gurasa ba.

Abin da ya fi ci min rai, Hanum, babu ko ɗaya cikin masu yaɗa bidiyon da bai san al'adar ba. Mai aski da ya tura wa mutane shi, kullum sai ya ce min bai kai a biya ba kafin ya caje ni kamar ya yi min tiyata. Sun sani sarai. Sun ga dai ya fi daɗi a yi kamar ba a sani ba.

Aka fara da kiran waya ana zagin uwata da ke kabari. Sai jan fenti a ƙofa. Sai ranar Asabar da rana tsaka, bayan an tashi daga zanga-zangar adawa da gwamnatin ƙasarmu, wasu maza da suka rufe fuska suka biyo ta layinmu. Dutse ya shigo ta gilashi ya faɗa cikin kwaɓi. Na fita da gari a hannuna ina cewa su tsaya mu yi magana. Ɗaya ya hankaɗe ni, na faɗi a bakin titi a kan hannun dama, wuyan hannun ya karye.

Na san wanda ya hankaɗe ni. Zan kira shi Kiyumars. Mutum ne da ya haura talatin, bakanike ne a can ƙasarmu, yana jan ƙafar hagu saboda harsasan da aka watsa masa a zanga-zangar can, wasu har yanzu suna cikin naman. Lokacin da ya iso garin nan ba shi da kowa, ya yi sanyin shekara guda a ɗakin da ke saman tanderuna. Ni na raka shi wurin likita ina yi masa tafinta. Baffa yake ce min. Ko da ban gane tafiyar ba, da na faɗi ya tsaya a kaina, na ji daga ƙarƙashin mayafin ya ce, “Baffa.” Sai sauran suka ja shi suka gudu.

'Yar sandan da ke riƙe da maganar mace ce mai hankali. Ta kalli bidiyon ta tambaye ni ko kyauta na ba mutumin ko sayar masa na yi. Na ce sayarwa. Ta ce to me ya sa na ce kyauta? Na ce mu haka muke sayarwa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta rubuta wani abu da ban so in san ko mene ne ba. Da ta tambaya ko na gane wani cikinsu, sai na ce kaina yana juyawa, ta ba ni lokaci. Ta ce in dawo mako mai zuwa. Ban yi mata ƙarya ba tukuna, amma ranar da na koma dole in faɗi ɗaya daga cikin biyu.

'Yata Mandana, wadda aka haifa a nan kuma take aikin jinya, ta san ko wane ne, domin ban iya ɓoye mata komai. Ta ce in ban faɗa ba ita za ta faɗa. Ta ce nan ba Kermanshah ba ne da za a kira dattawa a sha shayi a rufe magana. Ta tuna min cewa bayan ni sun je shagon Agha Hushang tela, dattijo mai ciwon zuciya, sun buga masa ƙofa saboda bai rataye tuta ba. Tana da gaskiya, shi ya sa nake jin haushinta.

Amma Kiyumars ba a yanke hukunci a kan neman mafakarsa ba. In aka same shi da laifi aka mayar da shi, ke kin san abin da ke jiransa a filin jirgi. Ni na san yadda gida yake zama idan aka tafi da ɗa ba a dawo da ko takalminsa ba. Yana da uwa. Na taɓa gaisawa da ita ta waya, tana ta yi min addu'a har na ji kunya. Wani lokaci in hannun ya motsa min sai in ce Allah ya ƙara, ya je ya gani. Kafin in gama shan shayi na tuba.

Kada in yi wa mutanenmu rashin adalci. Na sake buɗe shago. Surukina Bajamushe, mijin Mandana, malamin lissafi, shi yake zura kwaɓi a tanderu kafin ya tafi makaranta, gurasar tana fitowa kamar taswirar ƙasar da aka yi yaƙi a cikinta, amma ana saye. Wadda ta fara tsayawa a layi ita ce Hanum Purandoht, tsohuwar da ke maƙale da ƙaramar tutar zamanin sarki a ƙirji, wadda muka shekara ashirin muna musu. Ta zo da ƙawayenta. Ni kuwa tun abin da ya faru na daina cewa bai kai a biya ba, sai in faɗi farashi kamar babban kanti. Ta mayar da jakarta ƙarƙashin hammata ta ce, “Au, mun zama Jamusawa ke nan? Faɗi abin da ubanka ya koya maka, tsohon ɗan taurin kai, in ba haka ba ba zan biya ba.” Na faɗa. Ta juya ta kalli layi ta ce mai waya ya ɗauka, amma ya ɗauka har ƙarshe.

Sai abu na ƙarshe. Kwanakin nan ina hango Kiyumars a wurin jiran bas da ke tsallaken titi. Bas ya zo ya tafi, shi yana nan tsaye cikin ruwa. Ba ya tsallakowa, ni ma ban ɗaga masa hannu ba. Ban sani ba ko kunya ce ta kawo shi, ko aiko shi aka yi ya ga ko na yi magana.

In faɗi sunansa in ɗauki alhakin abin da zai biyo baya, ko in yi shiru in bar su su ci gaba da bin shagunan tsofaffi? Na gaji, Hanum. Na baro ƙasata don kada a riƙa tambayata na wane ne ni.

Mai gurasa da hannu ɗaya

Ɗan uwana mai gurasa,

Sannu da hannu, sannu kuma da abin da ya fi hannun ciwo. Na sauya sunaye da wasu alamomi kafin a buga, don kada wasiƙarka ta yi aikin da kai ba ka yanke shawarar yi ba tukuna.

Ka kulle kanka tsakanin ƙofa biyu, shiru ko igiyar rataya, alhali ba ka tambayi wanda ya san ginin ba. Abin da kake tsoro game da mayar da shi gida, a yanzu zato ne. Kafin ranar da za ka koma wurin 'yar sandan, ka je wurin lauyan da ya ƙware a harkar mafaka, wanda ba ɗan cikinmu ba, don kada maganar ta riga ka isa shagon aski. Ka tambaye shi dalla-dalla me irin wannan laifi yake jawo wa mai neman mafaka, me yake sauyawa idan mai laifin ya kai kansa, kuma ko akwai hanyar sulhu a gaban hukuma tsakanin wanda aka cuta da wanda ya yi cutar. Ƙasashe da dama suna da irin wannan tsari. Ban yi maka alkawarin cewa babu haɗari ba, amma ka san girmansa kafin ka yanke.

Kada ka yi wa 'yan sanda ƙarya. Zai iya juyowa kanka, kuma zai jefa Mandana cikin zaɓi tsakanin mahaifinta da gaskiya. Ba ta cancanci haka ba. Ita ce ta ga ɗorin da aka yi maka, kuma tana tuna Agha Hushang a lokacin da kai tausayi ya sa kake kallon mutum ɗaya. Idan aka karya hannun wanda ya ba su ɗaki aka ji shiru, darasin da sauran za su ɗauka shi ne kowa ma ana iya taɓa shi.

Ita ma tana bukatar ta ji naka. Kana tsoron a yi wa wata uwa abin da aka yi wa taku, kuma wannan ba rauni ba ne. Ka zauna da ita ka faɗa mata haka da bakinka, ka roƙe ta ta jira har ku ji daga lauya tare.

Game da mai tsayuwa a wurin bas, ban san zuciyarsa ba, kai ma ba ka sani ba. Wanda aka harba yana iya zama mai cutarwa, ciwon ƙafarsa bai wanke hannunsa ba. Amma ina ganin ɗan leƙen asiri ba ya tsayawa a fili cikin ruwa inda za ka gan shi. Kada ka je wurinsa kai kaɗai, kada kuma ka shigo da shi shago ka rufe ƙofa. Ka aika masa ta bakin lauya, ko ta wani babba da yake jin nauyinsa, da saƙo gajere: ka gane shi, za ka faɗi gaskiya ranar da aka sa maka, kuma kana ba shi dama ya riga ka zuwa. In ya je da ƙafarsa, ka faɗa wa hukuma dukan labarin, har da ɗakin saman tanderu da harsasan da ke jikinsa, ka ce gyara kake nema. In ya ƙi, ka faɗi sunan, kuma alhakin ya koma kan wanda aka buɗe wa hanya ya ƙi bi.

Sauran aikin ba naka kai kaɗai ba ne. Kana da Hanum Purandoht, kuma tsohuwa irin wannan ta fi kwamiti guda amfani. Ka ce mata ta ja ƙawayenta zuwa shagon tela su kai ɗinki, ko da ba su da abin ɗinkawa. Ku masu shaguna ku riƙa kai rahoton kowane kira da kowane fenti, tare, ko wace tuta mutum yake so. Masu rufe fuska ba su da yawa, kawai dai sun saba samun kowa shi kaɗai.

Ka ce ka gaji, kuma na yarda. Amma mutumin da aka karya wa hannu yake neman yadda zai ceci wanda ya karya shi bai ƙare ba. Za ka iya faɗin gaskiya a kan Kiyumars, sannan ka zauna a bencin da ke bayansa ranar da za a saurare shi. Ina fatan ya sami ƙarfin halin tsallako titin kafin a kira shi.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya zuciyarka, ya sa abin ya zo muku da sauƙi kai da shi.

Farangis