Kalmar da Ka Bari a Ƙofar Masallaci

Zuwa ga Yaya Aminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta wajaba a kan ƙanwa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya a duk garin da ka ɓuya a bana. Ni ce Hauwa, wadda ka bari tana aji shida na firamare. Yanzu 'ya'yana huɗu, furfura ma ta fara leƙowa.

Ba ni da lambarka, ka canza ta har na daina ajiyewa. Amma na san kana karanta abin da nake sawa a shafin nan. Akwai wani mai sunan aro, hotonsa tsuntsu, ba ya cewa uffan. Ranar da na sa hoton dabinon bayan gidanmu na ce Baba ne ya dasa, sai ga shi ya rubuta cewa ba Baba ba ne, Kawu Sule ne, ya kuma yi sauri ya goge. Wa ya san wannan in ba kai ba? Mutumin da ya bar gida don ba zai iya zama da mutanen bogi ba, ga shi yana leƙen danginsa da sunan bogi. To madalla.

Shi ya sa na rubuto a fili. Baba ba shi da lafiya, kuma akwai abin da kai kaɗai za ka iya sauke masa. Zan ɗan koma baya saboda masu karantawa da ba su san mu ba.

Da aka ƙirƙiro jihar nan ta Jigawa, Baba yana akawu a wata ma'aikata a Kano, aka ce kowa ya koma jiharsa. Muka zo Dutse garin duk duwatsu ne da dabino, yawancin ma'aikata daga Kano suke zuwa da safe su koma da yamma. Baba ya ce shi ba zai raba kansa biyu ba, ya kama ɗaki biyu ya kwaso mu. A layinmu akwai ɗan masallacin kwano da ba shi da liman. Tunda Baba ya sauke, ya kuma yi littattafai a ƙauyenmu na ƙasar Jahun kafin ya shiga boko, sai aka tura shi gaba. Shekara tara yana jan salla, ko kwandala ba ta taɓa haɗa shi da kowa ba.

Kana aji huɗu na sakandare wani ɗan bautar ƙasa daga kudu, mai koya muku Turanci, ya ba ka wani littafi. Labarin wani yaro ne ɗan masu hali a Amurka bayan yaƙin duniya na biyu. An koro shi daga makarantar kwana, ya ƙi zuwa gida, yana ta gararamba a babban birni yana ganin laifin kowa. Shi ke nan labarin, wallahi. Amma kai ka rungume shi, kullum bayan la'asar ka haye dutsen bayan layinmu da shi.

Daga nan muka rasa gane kanka. Ka daina sa hannu a kwano ɗaya da su Yaya Musa. Gaisuwa ta zame maka aiki. In baƙo ya zo ana ina gajiya, ina aiki, yaya iyali, sai ka taɓe baki ka ce ai babu wanda ya damu da amsar. Inna ta ɗauka iska ce ta taɓa ka a kan dutsen, ta sa aka yi maka rubutu, ka faki idonta ka tuttular a gindin dabino. Ni kuwa shashasha, a lokacin gani nake duk Jigawa babu mai iliminka.

A littafin akwai wata kalma da yaron ke jifan mutane da ita, kusan kowane shafi. Ka duba ɗan ƙamusunka ba ka same ta ba, ka je ka tambayi malamin. Shi kuma Hausarsa ta tasha ce da kasuwar Shuwarin, inda yake jin ana ce wa mai gulma munafuki ana dariya. Sai ya ce maka ai ma'anarta ke nan. Ka samu jan biro, ka bi littafin kaf, duk inda kalmar ta fito ka rubuta munafuki a samanta.

Sai shekarar shari'a ta zo. Ka tuna yadda garin ya koma. Gemu ya tsiro a haɓar da ba ta taɓa saninsa ba, teloli suka yi ta rage tsawon wando, masallacinmu da bai cika sahu biyu ba ya koma har waje ake shimfiɗa tabarma. Da yawa da gaske suka zo, na sani. Wasu kuwa don a gan su ne, wannan ma kowa ya sani.

Wata la'asar sai ga shugaban ofishin su Baba, wanda ko yaran layi sun san inda yake kwana a ƙarshen mako, ya zo da sabon gemu da carbi mai tsawo. Baba ya tashi ya tarye shi, ya ce ranka ya daɗe, ya sa aka matsa masa a sahun farko. Aka yi salla. Ana fitowa, mutane na neman takalmansu, kai kana tsaye a bakin ƙofa. Ni ina ƙofar gida, na ji ka da kunnena. Ka ce, "Dukanku munafukai ne. Har da kai, Baba."

Shekararka goma sha takwas, kana jin kanka gwarzo. Ka zaci za a mare ka ka samu abin ba da labari. Baba bai taɓa ka ba. Ya sa takalminsa ya shiga gida, ya zauna a tabarma har rana ta faɗi.

Da magariba ya ce maƙogwaronsa na ciwo, ya tura Malam Idi tela gaba. Da isha'i ma haka. Kai ba ka ma lura ba, kana can kana fama da ɓacin ranka mai daraja. Bayan wata biyu ka samu makaranta a kudu ka tafi, zuwa gida ya koma sai da salla, daga baya sallar ma ta gagara.

Yaya, Baba bai sake jan salla ba. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Dattawan layi sun zo har zaure sun roƙe shi, sun ce maganar yaro ce. Ya ce su yi haƙuri. Ya koma sahun ƙarshe, dab da inda ake ajiye takalma, can yake tsayawa har ƙafarsa ta daina kai shi masallaci.

Munafuki a tasha wasa ne, na yarda. Amma kai ba a tasha ka faɗa ba. Ka faɗa wa mutumin da ya san inda Allah ya ce makomar munafukai take, a ƙofar masallaci, yana gama sallame salla, kuma daga bakin ɗansa. Kai ɗan makarantar allo ne kafin ka zama Bature, ba za ka ce ba ka san nauyinta ba.

Ina kwalejin horon malamai na buɗe akwatinka na ga littafin. Na karanta shi, na ɗauko babban ƙamus a laburare na duba kalmar. Ka san abin da take nufi? Jabu. Abin bogi. Mai iyayi, mai feleƙe, mai burga. Irin abin da ɗalibai ke ce wa malamin da ke karya harshe in yana Turanci. Babu imani a cikinta, babu kafirci, babu wuta. Zagin yara ne. Na zauna a laburaren nan na rasa ko dariya zan yi ko kuka, ƙarshe kukan na yi, don haushi.

Na kuma bincika labarin mai littafin, tunda na ga shi ka ɗauka a matsayin shehinka. An ce da littafin ya yi suna sai ya tattara ya koma wani gida a ƙauye, ya kewaye kansa, ya daina magana da 'yan jarida, ya daina fitar da rubutu, haka har ya haura shekara casa'in ya mutu. Na gane inda ka samo salon. To amma shi ko banza ya je yaƙi ya ga gawarwaki, in ya ƙi mutane akwai abin da za a ce. Kuma ya bar wa duniya littafi. Kai me ka gani? Ka ga tsoho ya matsa wa wani a sahu. Me ka bari? Akwati ɗaya da kyankyasai. Yaron littafin ma shekararsa goma sha shida, ba a ce ya dawwama a haka ba. Kai ka haura arba'in kana nan kana kwaikwayon fushin ɗan wasu, a harshen wasu. In ana neman jabu, Yaya, ba sai an je nesa ba.

Na kai wa Baba bayanin da murnata, na ɗauka na samo masa magani. Na ce kuskuren fassara ne, malamin ne bai iya Hausa ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Littafin bai san ni ba, Hauwa. Aminu kuwa shekara goma sha takwas yana kallona."

Daga baya ya gaya mini abin da ke cin sa. Ya ce ya matsa wa shugaban ofishin nasu ne don mutumin ya daɗe bai shiga masallaci ba, in aka kunyata shi a ƙofa ba zai dawo ba. Ya ce amma kuma yana tsoronsa, don shi ke sa hannu a takardar ƙarin girma. Ya ce har yau ya kasa tantance wanne ne ya tashe shi tsaye a ranar. Ka ji mutumin da ka kira munafuki. Shekara ashirin yana tuhumar kansa a kan matsawar taku ɗaya a sahu, alhali wanda aka matsa wa ya aske gemunsa tun kafin shekara ta zagayo.

Zan yi maka adalci, ko da ba ka yi wa kowa ba. Ba ƙarya ka gani ba a shekarun nan. Akwai masu bogi, har yanzu suna nan, wasunsu sun yi girma. Kuma na san kana jin kaɗaici tun kafin littafin. An ciro ka daga Kano da abokanka aka ajiye ka a garin da ba ka san kowa ba, ba wanda ya tambaye ka yaya kake ji, don a gidanmu ba a irin wannan tambayar. Kai ne ka koya mini karatu a bayan kwalin sabulu, ba ka taɓa yi mini tsawa ba ko sau ɗaya. Wannan yayan nake nema. Ina fushi da kai, kuma ina kewarka, duka biyun gaskiya ne.

Zuciyar Baba ce ta kumbura, ƙafafunsa sun cika da ruwa. Likita ya ce mu kai shi gida mu kula da shi, ka san abin da hakan ke nufi. Hankalinsa garau yake. Ba haƙurinka yake jira ba, ya ce ya yafe maka tun kafin ya sa takalminsa a ranar. Tambaya ce da shi. Ran Juma'ar da ta wuce ina ba shi kunu ya riƙe hannuna ya ce, in na samu hanyar da zan yi maka magana, in tambaye ka: cikin alamomin nan uku da aka koya mana na munafuki, wacce ka gani a tare da shi? Ya ce yana so ya sani ko da sauran lokacin gyarawa.

Ni ba zan iya amsa masa ba, na gwada. Malamai sun gwada. Daga bakin da kalmar ta fito, daga nan yake jiran ta koma. In ka ga wani abu, ka zo ka faɗa masa, zai ɗauka. In kuwa ba ka ga komai ba, jan biro ne kawai da ƙuruciya, ka zo ka zauna a gefen katifarsa ka faɗa masa da Hausa.

Kada ka ce sai ka shirya. Jana'izar Inna a kwana na uku ka iso, ka tarar har an naɗe tabarmi. Ka san ba ma ajiye gawa, kuma daga inda nake zaton kana zaune, zuwa Dutse tafiyar kwana guda ce.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya sanyaya masa zuciya, ya sa ya cika da imani yana mai kyautata wa Ubangijinsa zato. Allah ya jiƙan Inna. Kai kuma Allah ya tsare ka a hanya, ya sassauta maka wannan girman kan ko na yini ɗaya ne, ya kawo ka yana da sauran numfashin da zai ji ka. Amin.

Ƙanwarka,
Hauwa
Dutse