Rasuwar Hajiya Dahabo, Wadda Ta Kwance Sarƙa a Burao

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Malaman Ruƙiyya da Ma'aikatan Jinya ta Burao ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma jagorarmu, babbar ma'aikaciyar jinya, Hajiya Dahabo Warfa Gedi, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata bayan gajeriyar rashin lafiya.

A lokacin da likitoci ke kallon gidajen ruƙiyya a matsayin jahilci, malamai kuma ke cewa ƙwayar asibiti ba ta korar aljani, marigayiya ce ta ɗauki jakarta ta shiga gidan Shehi Aw Jama Dirir, inda ta tarar da masu taɓin hankali ɗaure da sarƙa a gindin bishiya. Ba ta ci mutuncin kowa ba. Sai da ta shanye shayinta sannan ta ce, "Shehi, ka yi karatunka, ka turara lubbanka, ni in yi allurata, amma ƙafar bawan Allahn nan a sake ta." Shehin ya daɗe yana tsokanarta da "likitar aljanu", amma ya ba da makulli. A haka Liban Hirsi, makiyayin da ya shekara a ɗaure, ya koma wa raƙumansa.

Ba za mu ɓoye takaicinmu ba. Tun tana raye mun gaji da roƙon hukumomi a ba ta ko da mutum ɗaya da za ta koya wa aikin. Sai dai a kira taro a otal, a ci shinkafa da ayaba, a ɗauki hoto da ita, a yi alkawura, a watse. Masu waɗannan alkawura su ne a sahun gaba wajen jana'iza, alhali maganin da ita kaɗai ke kai wa gidan Shehi ya kusa ƙarewa, kuma ba a ba kowa izinin karɓowa ba. A zaman makoki yayan Liban ya ja Shehi gefe, idonsa taf da hawaye, ya ce, "Shehi, in ciwon ya dawo fa? Sarƙar tana nan ko an yar?"

Muna miƙa ta'aziyya ga mijinta, Alhaji Samatar Guled, da 'ya'yanta da jikokinta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba iyalanta haƙurin jure wannan rashi, Ya kuma dubi marasa lafiyar da ta bari.

Sa hannu:
Malam Bile Awale Shire
Kakakin Ƙungiya