Memorin Baban Hassana

Alhamis, bayan isha'i, Turba.

Sai da na kunna wayar na ji fiyano da waƙar soyayya, sannan na gane abin da ya faru. Na duba sama da ƙasa, waƙoƙin marigayi mijina, Baban Hassana, babu ko ɗaya.

Ƙawata Luba ce ta karɓi wayar ɗazu da za ta kasuwar Isa. Ta ce, "Ke Rabi, kin fita takaba, kullum gurmi da kuka? Bari mai caji ya zuba miki irin waɗanda muke ji yanzu." Ashe memorin ya cika, sai mai cajin ya share komai.

Waƙoƙin noma ne da Baban Hassana yake karɓowa wurin abokansa direbobin Nijar, su yi ta musun wa ya fi murya. Akwai wadda ya ɗauka da kansa a gona, yana amshi yana haki, ya manta baiti ya fashe da dariya.

Luba ta yi ta ba ni haƙuri. Alheri ta nufa.

Duk Juma'a surukata Inna takan ce in kunna mata muryar ɗanta. Gobe Juma'a, ban faɗa mata ba tukuna.