Mai Hular Ɗorawa

Skala Kalloni, tsibirin Lesbos
24 ga Afrilu

Zuwa ga Yayata Olwen,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Yaya ƙugun naki, yana barin ki ki taka? Yaya Huw da haihuwar tumaki? Allah ya sa an gama lami lafiya. A kwamfutar da ke falon masauki nake rubuto miki, don in ta gidan waya ce za mu riga ta isa gida.

Yaya, akwai abin da na ɓoye miki tun watan Fabrairu, don maigidana Emrys ya sa na rantse. Idonsa na dama ya riga ya tafi. Na hagun ma tsakiyarsa ta fara dushewa, likita ya ce da wuya ya kai kaka. Yanzu in yana son ganin fuskata sai ya kalli kunnena. Wannan zuwa namu na huɗu ba hutu ba ne kamar yadda na gaya miki.

Kin san ɗan tsuntsun nan da ya hana mijina sakat shekara talatin, wanda sunansa ya fi ƙarfin bakina nake ce masa Mai Hular Ɗorawa. Bai kai tafin hannu ba, jikinsa ruwan toka, kansa ruwan ɗorawa, kuma ba ya zama sai a duwatsun yammacin tsibirin nan. Sau uku muna zuwa yana kuskure shi. Jiya muka hau dutsen Ipsilu da sassafe, tsuntsun ya yi ta kuka a gabanmu, mutum tara suka gan shi. Emrys ne ma ya fara jin sa ya nuna musu wajen, amma da ya ɗaga madubin hangen nesa sai ya rasa shi. Na ce, "To ai ka ji shi, rubuta mana." Ya ce, "Glenys, abin da idona bai gani ba ba ya shiga littafina."

Shekara arba'in da ɗaya ina bin mutumin nan cikin fadama da ƙaya ina riƙe masa fulas ɗin shayi, ban taɓa damuwa in bambanta tsattsewa da kurciya ba. Yau ni ce idonsa. Ni zan nemo tsuntsun, in saita babban madubin mai ƙafa uku, shi kuma ya leƙa da gefen ido. Kafin in gama saitawa tsuntsu ya kai Turkiyya. Abokan kallonsa ba wanda ya san halin da ake ciki, ya hana in faɗa. Kwana bakwai suka rage mana, kuma wallahi tsoro nake ji.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Huw.

Ƙanwarki,
Glenys

28 ga Afrilu

Yaya Olwen,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya ke da Huw. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, na yi ɓarna, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Kwana biyu iska da ruwa suka hana mu komai. Rana ta uku Emrys ya zame a kan dutse, gwiwarsa ta kumbura suntum. Fotini mai masaukinmu ta ɗaure masa, ta ce ko matakala kada ya hau. Da yammacin ranar, wato shekaranjiya, da na ga ya zauna ya zuba wa bango ido, sai na sa shi a mota na kai shi wani ɗan tudu a bayan filin gishiri, tafiyar minti goma, don dai ya sha iska.

Muna zaune wani ɗan tsuntsu ya sauka a kan dutse. Karo na farko a rayuwata na saita madubi a kan lokaci. Emrys ya leƙa, ya karkata kai, ya ce yana ganin wani abu mai toka-toka. Ya ce, "Kan fa, Glenys? Ruwan ɗorawa ne?" Yaya, kan toka ne, maƙogwaro ja-ja, irin wanda ke cike da ko'ina a nan. Na kalli gwiwarsa, na kalli wuyansa da ya rame, na ce eh. Tsuntsun bai yi kuka ba, da ya yi da asirina ya tonu nan take. Emrys ya rungume ni yana hawaye, rabon da ya riƙe ni haka tun ranar da muka binne mahaifiyarsa.

Abin da ban yi tunani ba shi ne babban littafin falo, inda kowa ke rubuta abin da ya gani da inda ya gan shi. Muna dawowa ya rubuta da manyan baƙaƙe a karkace. Ashe ba a taɓa ganin tsuntsun a wannan gefen tsibirin ba. Jiya da asuba mota goma sha biyu suka nufi tudun, suka wuni a rana, suka dawo da fuskoki jajur ba su ga komai ba. Joop, ɗan Holan ɗin nan abokinsa, ya ce masa cikin raha, "Tsoho, kofin giyar uzo nawa ka sha kafin ya fito maka?" Wani ɗan Leeds kuwa ba da raha ya yi tasa ba. Na ji shi a bayana yana cewa, "Shekara ashirin yana kwamitin tantancewa yana soke wa mutane tsuntsayen da suka ce sun gani, ashe shi ma ɗan ƙarya ne."

Kin san mutanen nan. Za su yafe wa ɓarawo, amma ba sa yafe wa wanda ya rubuta tsuntsun da bai gani ba. In na yi shiru, na zubar masa da sunan da ya gina tun yana saurayi. In na faɗa, na ƙwace masa abu na ƙarshe da yake zaton ya gani. Shi kuwa sai fara'a yake, yana cin kifin sardin da zaitun yana cewa baƙin ciki suke yi. Yaya zan yi, Yaya?

Taki,
Glenys

30 ga Afrilu

Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Huw. Na ga amsarki, na gode, kin faɗi abin da na sani nake gudu.

Jiya da safe na gaya masa gaskiya, yana ɗaura takalmi. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya gama ɗaurin, sannan ya ce in kai shi wajen littafin. Falo cike ana karyawa. Ya ce da ƙarfi, "Glenys, ɗora mini yatsa a kan layin, ba na iya ganin rubutuna." Na ɗora masa, ya soke. Ya juya ya ce musu, "Ku yafe mini wahalar da na ba ku. Kuskurena ne, ido ya ƙare." Ko sunana bai ambata ba. Ɗan Leeds ɗin ya sunkuyar da kai cikin kofinsa.

Yau da safe muka fito muka tarar da motoci a jere. Joop ya ce, "Shiga, tsoho, yau ko goya ka ne za mu yi." Suka kai shi Ipsilu, mutum biyu suka tallafe shi har inda ake tsayawa. Ba a yi minti ashirin ba Mai Hular Ɗorawa ya fito ya hau wani dutse, rana na dukansa, ya buɗe baki. Madubi goma sha ɗaya aka saita a kansa, ba wanda ya leƙa nasa, duk aka ja baya aka bar wa Emrys.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗingishi. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya goge ido da hannun riga. Joop yana raɗa masa, "Yana tsakiya, Emrys, daidai tsakiya." Tsakiyar kuwa ita ce ba shi da ita. Tsuntsun ya yi kusan rubu'in awa bai motsa ba. Ni ina roƙon Allah a zuciyata ya ce ya gani, don na rantse miki duk wanda ke wajen zai sa masa hannu a matsayin shaida. Da ya gama da na goma sha ɗaya sai ya miƙe ya ce, "Na gode, jama'a. Ban gan shi ba."

Ya nemi hannuna muka sauko, kuma har mota bai sake shi ba.

Gobe jirginmu zai sauka Manchester da ƙarfe huɗu. Don Allah kada ki tambaye shi komai game da tsuntsaye. Kuma in kin hango mu a ƙofar fita kada ki ɗaga masa hannu, ki matso kusa ki kira sunansa.

Ki gaida kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Glenys