Jikata da Harsunan Sin

Zuwa ga jikata Sakinatu, amaryata da ta guje ni zuwa ƙasar Sin,

Assalamu alaikum. Ina lafiyarki, ina sanyi, ina karatu? Mu nan Suki ta ƙasar Sudan lafiya lau. Maƙwabcinmu Mahmudu ke rubutawa, ni ke faɗa.

Ubanki Jibirin ya ce bayan Sallah zai mai da ke gida, wai Hausarki ma Larabci ya cinye rabinta, kina can kina bin dangantakar harsunan Sin da Tibet da ƙasar Bama. Na ce masa ina raye ba a yin haka.

Bayanin da kika yi mini a waya ya zauna. Kin ce kalmar aro ba ta nuna jini. Kalmomin ido da wuta da kifi su ke nuna harsunan duk kakansu ɗaya, amma ba su faɗin wa ya fi kusa da wa. Sai sabon abin da wasu suka sauya tare, sauran ba su yi ba. To ai aikina ke nan. Fura kowane Bahaushe ya zo da ita daga Sakkwato. Ƙullin dami mai baki biyu kuwa, mu da mutanen garin Rusairis kaɗai ke yi, don ayarin kakanninmu ya yi damina a Wadai, can suka koyo. Da shi nake gane ɗan ayarinmu a gonakin hawasha tun bai buɗe baki ba.

Na daina cin tuwon gidan ubanki sai ya janye. Kada ki haɗa kaya.

Kakanki,
Mati

Zuwa ga Sakinatu,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Jiya Jibirin ya zo da akushi da hannunsa. Na sa ya ɗaura dami a gabana, na tambaye shi inda ya samo ƙullin. Bai sani ba, kuma ɗana ne. Na ce idan na mutu, wa zai riƙa tambaya irin wannan in ban da ke? Sai ya ce ki ƙare karatunki.

Ba na ɓoye miki, ƙafafuna sun kumbura, ba na kai wa bakin kogi. Ina son ganinki fiye da yadda ubanki ke so. Idan kin dawo ba ki tarar da ni ba, kada ki ga laifinsa. Ni na zaɓa.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki.

Kakanki,
Mati