Fasfona ruwan toka ne, 'yata ba ta sani ba

'Yar'uwa Salme,

Don Allah ki taimake ni, kuma kada ki ajiye takardata sai ta jira layi, don ba ni da lokacin jira. Shekara goma sha ɗaya ina karanta shafinki na jarida duk Asabar, ina girgiza kai ina cewa mutane dai da jawo wa kansu fitina. To yau ga ni. Sunayen da zan ambata duk na canza su, kin san garinmu ƙarami ne.

'Yata ɗaya ce tilo, bari in kira ta Virge. Nan da mako bakwai za a yi aurenta, ba a nan ba, can a wani tsibiri na yankin Karibiyan inda angon, Ahto, yake aikin gyaran injin jiragen ruwa shekara huɗu ke nan. Yaron kirki ne, ba ni da ta cewa a kansa. Mu goma sha huɗu za mu tafi, har an yanki tikiti. Mahaifiyarsa Helju ce ta riƙe ragamar tafiyar, irin matan nan ne da ko kasuwa za su sai sun rubuta komai a takarda. Ta tara mu a gidanta ta ce ta bincika, mu 'yan Estoniya ba ruwanmu da biza a can, fasfo ne kawai da tikitin dawowa da wani fom da ake cikewa ta intanet kafin a tashi. Kowa ya hau murna. Ni kuwa na ajiye kofina ban sha ko kurɓi ɗaya ba.

Ni ba 'yar ƙasa ba ce, Salme. Fasfona ruwan toka ne.

A Kohtla-Järve aka haife ni, can arewa maso gabashin ƙasar nan, iyayena sun zo aikin haƙar ma'adinai daga Rasha tun zamanin Tarayyar Sobiyet. Da ƙasa ta koma hannun masu ita aka ce irinmu sai mun ci jarrabawar harshe da ta tsarin mulki kafin a ba mu takardar zama 'yan ƙasa. Wanda bai ci ba sai a ba shi fasfo na toka, mai nuna a nan yake zaune amma ba shi da ƙasa. Kin fi ni sanin duk wannan, ban san me ya sa nake maimaita miki ba. Magana dai ba ta taɓa gagarata ba. Na auri mutumin nan yankin, shekara talatin ina dafa wa yaran makaranta abinci, har faɗa nake yi musu da harshen iyayensu. Rubutu ne ya kayar da ni. Da zarar an ajiye min farar takarda aka ce in rubuta wasiƙa, sai kaina ya ɗauke kamar an kashe wuta. Sau biyu ina faɗuwa.

A karo na uku Virge tana da shekara goma sha biyu. Yara sun sa ta gaba a makaranta suna ce mata 'yar marar ƙasa, shi ya sa ta ɗauki abin da zafi. Kullum ta dawo sai ta zaunar da ni a teburin ɗakin girki, tana yi min shifta tana gyara min da jan biro kamar malama. Wata huɗu muna haka. Ranar da sakamako ya fito na je na karɓo, na sake faɗuwa. Na buɗe ƙofar gida na tarar ta gasa kek da kanta, ta soka masa ƙananan tutocin ƙasa, tana tsaye gari duk ya ɓata mata gaban riga. Ta ce, "Mama, ya aka yi?" Na ce na ci. Wallahi ban shirya faɗar haka ba, bakina ne ya riga ni. Ta yi tsalle ta rungume ni. Mahaifinta ya dube ni ta saman kanta, ya gane. Har ya rasu shekara shida da suka wuce bai taɓa tona min asiri ba.

Za ki ce ta yaya aka yi shekara goma sha tara ba a gane ba. Ai ba wuya. Katin shaidar da ke jakata yana yi min asibiti da banki da komai, ba wanda ke tsayawa karanta abin da aka rubuta a jiki. Tafiyata ba ta wuce Riga da Helsinki ba, biranen ƙasashen maƙwabta, ba wanda ya taɓa tsayar da ni. Ranar zaɓen majalisar ƙasa idan Virge ta ce mu je rumfa tare, sai in ce na riga na jefa tawa ta kwamfuta tun farkon mako, kamar yadda rabin garin ke yi. Fasfon kuwa yana cikin gwangwanin maɓallai a ƙarƙashin keken ɗinki. Idan zai ƙare sai in hau bas in tafi wani gari in sabunta, kada in haɗu da idon sani.

Abin da ya ƙara dagula min lissafi Helju ce. Hukumar Sobiyet ta kwashe iyayenta zuwa Siberiya tana jaririya, ban ga laifinta ba idan tana da ɗaci. Amma duk zaman da aka yi sai ta kawo zancen masu shekara hamsin a ƙasa ba su iya rubuta layi biyu ba, sannan ta nuna ni ta ce, "Ga uwar Virge nan, ba ta zauna ta ci ba? Lalaci ne kawai ke damun sauran." Ni kuma in yi murmushi in miƙa mata burodi.

Yanzu ta ce kowa ya turo mata hoton shafin farko na fasfonsa kafin Lahadi mai zuwa, ita za ta cike wa kowa fom. Sau biyu tana tuna min. Na ce wayata ce ba ta ɗaukar hoto da kyau.

Tun ranar ba ni da sukuni. Jiya na zuba gishiri sau biyu a miyar yara ɗari biyu. Abu biyu ke yawo a kaina. Na farko, in ce ni zan cike fom ɗina da kaina, in rubuta Estoniya a wurin ƙasa. Ai sunan Estoniya ne a bangon fasfon nawa ma. Wata abokiyar aikina ta ce jami'an ƙaramin tsibiri ina suka san bambancin jan fasfon 'yan ƙasa da na toka, wai wani ɗan'uwanta ya taɓa wucewa haka a wata ƙasa. Amma sai in hango an ware ni gefe a filin jirgin Tallinn, mutum goma sha uku suna kallo. Ko kuma a bar ni sai na isa can a kulle ni a ɗaki, a mayar da ni cikin jirgi, 'yata na tsaye a waje tana jira. Na biyu, in ce hawan jinina ya tashi, likita ya hana ni doguwar tafiya. Wannan ba wanda zai gane. Sai dai 'yata za ta yi aure ba uwa ba uba a wurin.

Ina jin tsoron jami'an nan, ina jin tsoron bakin Helju, amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne fuskar Virge. Shekarata sittin da uku, ita kaɗai gare ni. Wanne zan ɗauka a cikin biyun?

Uwar Amarya, daga kudancin ƙasa

*

Uwar Amarya,

Kada ki ɗauki ko ɗaya. Na tsallake wasiƙu takwas na amsa taki, don haka ki karanta da kyau.

Mu fara da fom. Kada ki kuskura ki rubuta abin da ba shi ne a fasfonki ba. Sauƙin da Helju ta gano na masu jan fasfo ne, kuma ba dole ne ya hau kanki ba. Tun a teburin kamfanin jirgi ake duba takardun kowa kafin a bar shi ya hau, ba sai an je ga jami'an tsibiri ba. Ko da kin wuce nan, ƙarya a fom ɗin shiga ƙasa laifi ne mai zaman kansa. Yau matsalarki rashin takarda ce, tana da magani. Idan kika yi ƙaryar, sai ta zama wadda ba ni da maganinta. Labarin ɗan'uwan abokiyar aikinki kuwa, ki bar mata kayanta.

Ga abin yi ranar Litinin. Ki ciro fasfon ki duba ranar ƙarewarsa, don ƙasashe da yawa suna so ya kasance da sauran wata shida. Ki nemi ofishin jakadancin da ke wakiltar tsibirin. Da wuya a same shi a Tallinn, amma ma'aikatar harkokin waje za ta gaya miki inda yake. Ki rubuta musu ainihin sunan takardar da kike riƙe da ita, ki nemi amsa a rubuce, ba ta waya ba. Ki kuma tambayi kamfanin jirgi ƙasar da za ku yada zango, don ita ma tana iya samun tata ƙa'idar a kanki. Ba zan yi miki alkawarin biza za ta fito cikin mako bakwai ba. Tana iya fitowa idan kin fara yanzu. Idan kin ƙara mako biyu kina ɗora wa waya laifi, ba za ta fito ba.

Akwai abin da tsoro ya hana ki gani. Surukinki shekara huɗu yana zaune a tsibirin. Shi ne zai iya takawa da ƙafarsa zuwa ofishin shige da fice ya yi tambaya, shi ne zai rubuta miki takardar gayyata da adireshin masauki. Mutumin da ya fi kowa iya fitar da ke yana cikin waɗanda kike ɓoye wa. Kin ga ke nan ba yadda za a yi aikin takarda ya tafi sai kin yi magana da Virge.

Ban ga abin kunya a faɗuwa jarrabawa ba, ban kuma ga abin kunya a launin fasfo ba. Matar da ta ciyar da yaran gari shekara talatin ba ta buƙatar kowa ya ba ta izinin ɗaga kai. Ƙaryar da kika yi ma na fahimce ta, kin ga yarinya da kek ne kika kasa. Amma zan gaya miki gaskiya. Ranar farko don ita kika yi, sauran shekarun don kanki ne. Virge tana da haƙƙin ta yi fushi. Za ta tuna duk zaɓen da kika ce kin yi, za ta ji an mayar da ita yarinya. Idan ta ɗaga murya ki bar ta, kada ki kare kanki, kada kuma ki jawo mahaifinta ciki. Ki ce kin faɗi, kin ji tsoro, kin yi kuskure.

Helju ta zo daga baya, kuma ba dole ne ki yi mata dogon bayani ba. Ciwonta na gaske ne, amma ba ke kika kwashe iyayenta ba. Ki ce mata takardarki daban ce, ke da yaran kuna bin ta. Tana iya sakin magana, tana iya yin shiru. Mace mai son tsari irinta, kada ki yi mamaki idan ta fi kowa zafin bin bizar. Idan an gama biki ki tambaya game da jarrabawar, don a iya sanina akwai sassauci a ɓangaren rubutu ga waɗanda suka manyanta. Wannan na nan gaba ne.

Batun hawan jini shi ya fi tayar min da hankali, don shi ne mai sauƙi. Ki duba abin da zai jawo. Yarinyar za ta tsaya ranar aurenta hankalinta na gida, tana tsoron kada ta rasa uwa kamar yadda ta rasa uba. Ranar da gaskiya ta fito kuwa, don za ta fito, za ta san kin zaɓi rufin asirinki a kan zuwa aurenta. Tsohuwar ƙaryar ina sa ran za ta yafe. Wannan ban sani ba. Ko bizar ba ta samu ba, gara ta san kin yi iya ƙoƙarinki kika rasa.

Ki je wurinta gobe, ba ta waya ba, tun kafin Helju ta sake tambaya. Ki ajiye fasfon a kan tebur kafin ki cire rigar sanyi, don idan kika tsaya gaisuwa za ki koma gida da shi a jaka. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa takarda ta fito a kan lokaci, ya kuma sa ki tsaya kusa da 'yarki ranar aurenta ba tare da kina ɓoye mata komai ba.

Taki,
Salme